Ɗan Ibro Ya Fi Ƙarfin Layi Biyun Da Kuka Ba Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, rahoton da kuka buga kan tarihin finafinan Hausa ne ya sa na ɗauki alƙalami. An ambaci jarumai da daraktoci da mawaƙa, kowa an ba shi fili ya wala. Da aka zo kan marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ɗan Ibro, sai aka ce shahararren ɗan barkwanci ne, aka yi masa addu'a, aka wuce. Ranka ya daɗe, abin ya tsaya mini a rai har na kasa yin shiru.

Na yi fiye da shekara goma ina da shagon hayar kaset, tun ana yayin kaset na bidiyo har faifan CD ya zo ya ture shi. Duk mako sai na shiga Kano, Bata ko Ƙofar Wambai, na saro sababbin finafinai. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan teburina na gani. Fim ɗin soyayya samari da 'yan mata ne masu ɗaukarsa. Na Ibro kuwa ba shi da rukuni. Dattijon da ke faɗa a majalisa cewa fim lalata ne, shi ne zai aiko jikansa bayan isha'i a kawo masa na Ibro. Matan aure su haɗa kuɗi su aiko yaro. Ranar kasuwa Fulani su shigo daga ruga su tambaye shi da suna. Akwai kaset ɗinsa da zaren ya tsinke mini ya fi sau uku saboda yawan juyi, ina liƙewa da salatif ina sake bayarwa, kuma ba wanda ya taɓa dawo da shi yana ƙorafi.

An haifi Rabilu a 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Ya yi kwalejin horon malamai ta Wudil, sannan ya shiga aikin gandiroba a 1991, ya yi shekara takwas yana sa kaki. A tuna fa, a lokacin harkar fim ɗin bidiyo jaririya ce. A 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin na farko. Mutumin da ke da albashin gwamnati da fansho a gabansa ya ajiye, ya rungumi abin da iyaye ba sa ma kiransa sana'a. Wanda bai san abin da Allah ya zuba masa ba ba zai yi wannan kasada ba.

Na san dalilin da ya sa ake taƙaita shi. A cikin masana'antar kanta an raba gida biyu, 'yan sentimental da 'yan camama. Na farko su ne masu manyan gidaje da motoci da rawa a cikin lambu, su ake kira jarumai. Camama kuwa fim ne na ƙaramin jari, a ɗauka a ƙauye cikin 'yan kwanaki, a bukka ko a gindin bishiya, kuma kalmar kanta da raini ake furta ta. Har yau wannan rainin bai bar bakin masu rubutu ba, shi ne ya biyo ku har cikin rahotonku.

Amma a tsaya a duba aikin. Ibro bai ari salonsa daga Indiya ba. Tushensa na nan gida, wajen 'yan kama da ke juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya, da wasannin tashe na watan azumi, da wawan sarki wanda shi kaɗai ke faɗa wa mai gari gaskiya a bainar jama'a ya kwana lafiya. Kafin shi Samanja da Ƙasimu Yero sun yi irin wannan a talabijin. Shi kuma ya ɗauko ta ya kai ta gidajen da ba su da eriya, sai bidiyo da ɗan janareto. Wa yake fitowa? Baƙauyen da ya shigo birni aka yi masa wayo, direban da ba ya jin magana, mai gidan da bashi ya yi wa katutu yana ɓuya a bayan ƙyaure, bokan da shi kansa tsoron aljanun yake ji. Talaka yana kallo yana ganin maƙwabcinsa, wani lokaci ma kansa yake gani, yana dariya har da hawaye alhali zancen yunwa da rashin kuɗin cefane ake yi.

Kuma wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce. Yawancin waɗannan finafinan ba a rubuta maganganunsu, labarin kawai ake faɗa wa ɗan wasa a kunna kyamara. Abin da ke fitowa daga bakin Ibro a take yake ƙirƙirarsa. Ya san inda zai ɗaga murya, ya san inda zai yi tsit ya zare ido kawai, ɗaki ya kece da dariya. Ni dai na ga jarumai da yawa da suka iya kuka a fim, amma waɗanda suka san daidai lokacin da za su yi shiru ba su da yawa. Sannan kunnensa na kan abin da duniya ke ciki. Da waƙoƙin Awilo na Kwango suka cika gari ya yi Ibro Awilo. A 2002, duniya na tsaka da zancen Usama bin Laden, ya fito a Ibro Usama, har wasu malamai suka yi ta suka.

Ba zan ce duk abin da ya yi daidai ne ba. Akwai finafinan da gaggawar kasuwa ta ɓata, ka gama kallo ka rasa kan labarin. Akwai inda kwaikwayon harshen wasu ƙabilu ya zarce wasa. Ni kaina akwai waɗanda na ƙi ba yara haya. To, sai a faɗi wannan ma, ai shi ne tarihi. Mutum ake auna aikinsa, mai kyau da marar kyau, idan an ɗauke shi da muhimmanci.

Rahotonku bai ko taɓo abin da ya same shi a 2008 ba, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta matsa wa 'yan fim lamba, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan batun da ya shafi fim ɗin Ibro Aloko. Mutumin da ya yi shekara takwas yana riƙe makullin gidan yari, sai ga shi an rufe ƙofar yana daga ciki. Ko mutum yana ganin hukuncin daidai ne ko zalunci, ba a ba da labarin Kannywood na waɗannan shekarun a tsallake shi. Ya fito ya ci gaba da aikinsa har ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, Allah ya karɓi abinsa ranar 10 ga Disamba 2014, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Ranar na ga magidanta suna share hawaye a bakin shagon mai shayi. Allah ya jiƙansa, ya sa dariyar da ya sa bayin Allah ta zame masa haske a kabari.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne aikin nasa yana salwanta. Kaset na cin danshi, faifan CD na karcewa. Da yawa daga abin da ake samu a YouTube guntaye ne, hoto dishi-dishi, an yanke farko an yanke ƙarshe, babu sunan wanda ya shirya balle shekarar da aka yi. Yaran yanzu sun san fuskarsa a 'yan gajerun bidiyon waya, amma ba su taɓa zama sun kalli fim ɗinsa guda daga farko har ƙarshe ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka Wudil da Ɗanlasan. Abokan wasansa da suka yi saura suna nan, waɗanda suka riƙe masa kyamara suna nan, tsofaffin 'yan kasuwar kaset suna nan, kuma kullum raguwa suke. A zauna da su a rubuta yadda aka yi aikin. Ni ma ina da kwali biyu na kaset ɗinsa da na adana a saman silin tun da na rufe shago. Idan akwai jami'a ko gidan talabijin da zai juye su zuwa kwamfuta, a sanar da ni ta wannan shafi, zan kawo su da kaina, ba na neman ko sisi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mai shagon hayar kaset, daga Gaya, jihar Kano