Gaisuwar Babbar Sallah daga Ditiroyit

Zuwa ga Baba da Umma da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu da layyarmu, Ya maimaita mana, Ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Auta, kai za ka karanta wa Baba wannan takarda. Ka bi ta a hankali, kada ka tsallake lambobin da ke ciki, don su Baba zai fi son ji.

Mun sauko idi lafiya. Kun riga mu da awa biyar, saboda haka lokacin da muke kabbara a nan, na san ku kun yanka, an feɗe, Umma ta ɗora suyar kayan ciki. A nan ba hutu ba ne, shaguna a buɗe suke, kowa ya tafi aikinsa, ni ma sai da na roƙi ranar tun makon jiya. Amma Hamtiramik, garin da nake zaune wanda Ditiroyit ta kewaye shi, Musulmi sun yi yawa a cikinsa, akasari 'yan Yaman da 'yan Bangaladash, kuma tun 2004 hukumar garin ta yarda a riƙa kiran salla da lasifika. Layya kuwa a mayankar halal ta bayan gari ake biya, sai gobe naman zai iso a kwali. Na ga hoton ragon gida, Yaya ya iya zaɓe, Allah Ya saka masa.

Umma, na ji saƙonki na murya kan motar da kika gani a hoto, kina tambaya ko gwangwan na shiga saye. Ki kwantar da hankalinki. Kuɗin cefanen gida da na makarantar Auta da na maganin idon Baba ban taɓa ko sisi a ciki ba, kuma ba zan taɓa ba. Abin da nake sa wa motar nan daga aikin bayan tashi yake fitowa, kaɗan-kaɗan, ban ci bashin kowa ba. Bari in yi wa Baba bayani dalla-dalla, shi zai fahimtar da ke abin da na gani a jikinta.

Baba, motar Chevrolet Nova ce ta 1972, mai ƙofa biyu. Wani dattijo ne ya ajiye ta a rumfar bayan gidansa shekaru da yawa, da ya rasu iyalinsa suka nemi a kwashe musu ita. Wannan ajiyar ce ta tsare ta, domin a nan jihar Mishigan ta Amurka gishiri ake watsa wa tituna da hunturu don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa cinye ƙasan mota yake yi. Tata shasin lafiya lau, ƙasan but ne kawai ya ɗan yi tsatsa. Injinta mai silinda takwas ne, huɗu ta nan huɗu ta can, wanda ake kira 350, lambar da ke nuna girman cikin injin a awon inci, wato lita 5.7. Ku kwatanta da Peugeot 504 da kuka yi rayuwarku a kanta, mai silinda huɗu da lita biyu. Wannan ya kusa ninka ta uku.

Irin motocin nan suna da tarihi a garin nan. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji ya sa a matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO, samari suka yi ca a kanta, sauran kamfanoni suka biyo baya. Zuwa 1970 akwai Chevelle mai inji 454 da aka rubuta mata ƙarfin doki 450. A nan Hamtiramik ɗin ma akwai masana'antar Dodge da ta riƙa haɗa Challenger, an rufe ta a 1980. Abin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta zo, kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi a kan motoci masu ƙarfi, sannan a 1973 Larabawa suka hana Amurka mai, fetur ya yi tsada. Tun daga 1971 General Motors ta rage matsin injinanta don su iya shan fetur mai ƙarancin dalma. Tawa ta faɗo a wannan lokaci ne: inji mai girman gaske, amma ƙarfin doki 165 kacal aka rubuta mata, da kafireto mai maƙogwaro biyu.

Abin da ya ja hankalina ke nan. Ƙarfin yana nan a cikin bulok ɗin, toshe shi aka yi. Na tuna abin da kuke faɗa mana a gareji, cewa inji da mutum ɗaya suke wajen numfashi, wanda mura ta toshe wa hanci ba ya gudu ko da ƙafarsa lafiya. Duk aikin da nake yi a kan wannan magana ya tsaya: iska ta shiga da yawa, a matse ta sosai, ta fita ba tare da cikas ba.

Mai garejin da nake wa aiki, dattijo ne da ya yi shekaru a masana'antar mota kafin ya buɗe nasa, ya ba ni wani lungu da ƙugiyar ɗaga inji. Na sauke injin, na warware shi kaf, ban sayi ko noti ɗaya ba sai da na auna komai. Kiranshaf ɗin bai ci ba, gogewa kawai ya nema. Kwanrod takwas duk lafiya. Ramukan silinda ne suka ɗan buɗe ta sama, inda ringi ke juyawa, don haka na kai bulok wurin masu injin gyaran ƙarfe, suka wanke shi, suka duba tsaga, suka faɗaɗa kowane rami da inci 0.030. Asalin faɗin ramin inci 4 ne, tafiyar fistin kuma inci 3.48, yanzu injin ya koma 355. Wannan shi ne wuri ɗaya da ban nemi ragi ba. Komai kyan kayan da za ka ɗora, idan ramin ba daidai yake ba, baƙin mai zai riƙa sha yana hayaƙi.

Samarin nan da yawa sun matsa mini in mayar da shi 383, wato a sa kiranshaf mai tafiyar inci 3.75 irin na inji 400. Gaskiya yana ƙara ƙarfin ja ƙwarai. Amma sai ka sayi kiranshaf, ka sayi fistin na musamman, a sassaƙe cikin bulok don kwanrod ya samu wurin wucewa, a kai a daidaita nauyin kayan gaba ɗaya. Na yi lissafi na ga kuɗin ya fi ƙarfin aljihuna, ga kuma kiranshaf mai lafiya a hannuna. Na bar shi.

Inda na samu riba shi ne tof silinda. Na asalin suna da babban ɗakin ƙonewa, kusan sisi 76 (cc, awon girman cikinsa), shi ya sa matsin bai wuce 8.5 ba, kuma hanyar iskarsu ba ta da kyau. To a 1996 kamfanin General Motors ya fito da wani sabon kai da ake kira Vortec, ya sa a motocin a-kori-kura da manyan jif har zuwa wajen 2000. Ɗakinsa sisi 64 ne, an yi masa siffar zuciya don wuta ta ci da sauri, hanyar shigar iska kuma ta fi ta tsofaffin nesa ba kusa ba. Abin daɗin shi ne yana zama a kan tsohon bulok daram, domin tun 1955 da aka fara wannan jinsin inji ba a sauya tazarar silindoginsa ba. Motocin nan an yi su da yawan gaske, yanzu sun cika filin matattun motoci. A nan tsarin shi ne ka biya ɗan kuɗin shiga, ka zo da sufanunka, ka kwance abin da kake so da hannunka, a yi maka kuɗi a bakin ƙofa. Da na shiga sai Panteka ta faɗo mini a rai, sai dai a nan babu mai ƙera maka abin da ka rasa. Ana gane kan da lambar da aka zuba a jikinsa, mai ƙarewa da 062 ko 906. Suna da halin tsagewa idan injin ya taɓa yin zafi, saboda haka na sa aka gwada su da maganaɗisu da garin ƙarfe kafin in kashe musu ko kwabo. Sun fito lafiya. Da su da fistin mai shafaffen kai, matsin zai kai tsakanin 9.5 da 10, wanda fetur mai kyau na gidan mai zai ɗauka.

Sai dai arha tana da nata sharuɗɗan. Wannan kan noti takwas yake ɗaure manifol da su, tsohon kuwa goma sha biyu, dole na nemi manifol na alminiyom da aka yi dominsa, na samu na hannu. Murfin bawul ma daban ne. Sannan idan ba a yi masa aiki ba, ba ya yarda bawul ya buɗe har rabin inci, abin riƙe sifirin zai daki sil. Wannan bai dame ni ba, domin dama matsakaicin kamshaf na zaɓa. Yara a nan suna son babban kamshaf saboda yadda yake sa mota ta riƙa kakkarwa a tsaye tana gurnani, amma irin wannan sai inji ya yi sama sosai yake ba da ƙarfi, a cikin gari kuwa motar sai ta yi nauyin tashi ta riƙa zuƙar mai. Ni mota nake so da za ta tashi da bugu ɗaya, ta ja tun daga ƙasa.

Kafireto ma ban sayi sabo mai walƙiya ba. Na samu tsohon Quadrajet, na wanke shi na sauya masa kayan ciki. Baba, da kun gan shi da kun yaba wa wanda ya zana shi. Maƙogwaro huɗu gare shi, biyu ƙanana na gaba da mota ke tafiya da su kullum, biyu manya na baya da ba sa buɗewa sai an taka totur sosai. Wuta kuma na cire mai kwantak na sa distiributa ta lantarki irin wadda kamfanin ya koma yi a tsakiyar shekarun 1970, babu sauran goge kwantak. Ta wajen salansa na sa bututu huɗu-huɗu masu haɗewa a ƙasa. Kamfanin da kansa ya fitar da sabon inji 350 mai irin wannan kai da aka rubuta wa doki 330, don haka ina sa ran in kusanci wannan, wato ninki biyu na yadda ta fito.

Yanzu ina kan haɗawa. Kowane metal sai na ɗora masa wani siririn zaren roba, in ɗaure da sufana mai awo, in kwance in duba yadda zaren ya baje, ina neman tazarar wajen inci 0.002. Kowane ringi sai na sa shi a raminsa na auna bakinsa, in ya matse in goga da fayil. Dattijon nan ya tsaya yana kallona wata rana, ya tambaye ni makarantar da na koyi wanke ramin noti kafin ɗauri. Na ce masa a Tudun Wadar Kaduna ne, a hannun mahaifina, wanda ba ya barin yaro ya ɗaura tof silinda sai ya bi notin daga tsakiya zuwa waje, zagaye uku. Ya ce haka littafin kamfani ma ya ce a yi. Na so a ce kuna wurin.

Ranar tayarwa ce ke gabana, kuma ita ce mai haɗari. Irin wannan kamshaf mai shafaffen tafet, da zarar injin ya kama ba a barinsa ya yi silo. Sai a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti ashirin zuwa talatin, da baƙin mai na musamman mai sinadarin zink, domin man zamani an rage masa shi. In aka yi sakaci a wannan rabin awa, kamshaf ya cinye, garin ƙarfe ya bi inji, aiki ya koma farko. Don haka taimin da kafireto da ruwan lagireto duk sai sun zama daidai kafin a murɗa makulli. Ku sa ni a addu'a.

Umma, na san abin da ke ranki da kika ji ana maganar ƙarfi. Ba tsere zan yi da ita ba. Kafin ta hau titi sai na cire birkin ganga na gaba na sa mai faifai, na sauya tayoyi huɗu. Burina in gama kafin Asabar ta uku ta watan Agusta, ranar da ake fito da tsofaffin motoci a titin Woodward, bikin shekara-shekara da aka fara tun 1995, ana tafiya a hankali jama'a suna kallo daga gefe. Bayan nan zan duba. Motar da aka gyara da kyau tana da masu nema a nan, in farashi ya yi, kuɗin na rufin ɗakunan baya ne kafin wata damina.

Auta, na ji kana zuwa gareji bayan makaranta, na ji daɗi. Ka riƙe karatunka, musamman lissafi, don duk abin da na lissafa a sama da shi aka yi. Akwai ma'aunin ƙarfe guda biyu da na saya maka, zan ba wani mai zuwa gida bayan Sallah ya kawo. Ka kai wa Baba ya nuna maka yadda ake riƙe su.

Baba, ina da tambaya. Tafet ɗin nan na mai ne, wasu a nan suna saita su inji na kashe, wasu kuma sai yana aiki, su saki noti har ya fara ƙara sannan su ɗaure. Wanne kuka fi yarda da shi a sabon haɗi? Auta ya ɗauki amsarku a murya ya turo mini kafin ƙarshen mako, don ba zan rufe murfin bawul ba sai na ji daga gare ku.

A gaishe da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu, da liman, da duk yaran gareji. Goron Sallar yara yana cikin abin da na turo wa Yaya, a raba har da 'ya'yan maƙwabta. A tabbatar an kai wa Gwaggo cinya kamar yadda aka saba, kuma kada a fasa komawa asibitin ido ranar da likita ya sa.

Wassalam.

Naku,
Ɗanku na Ditiroyit