Zuwa ga Auta, kan batun dikodar da ka ce in aiko

Newry, Ireland ta Arewa

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya gida, ya kasuwa, ya fama da jama'a? Ka durƙusa ka gaishe min da Baba da Hajiya, ka ce musu ina nan ƙalau, in ban da sanyi da yayyafin ƙasar nan da ba ya jin bari. Ka gaida Yaya Babba da yaranta, da Kawu na Maraɗi in ya leƙo Katsina. Maganin ƙafar Baba yana hannun wani ɗan garinmu da zai taho ƙarshen wata, zai kira ka in ya sauka Kano.

Na saurari saƙonka na murya. Na ji ka kama rumfa, ka sa kafinta ya buga benci, ka samu talabijin biyu na hannu. Allah ya sa albarka, ya kawo kasuwa. Gidan kallo sana'a ce mai rufin asiri in mutum ya iya zama da matasa. Amma batun in saya maka dikoda a nan in aiko, wai ta Ingila ita ce ta asali, ka cire shi daga ranka. Na zaɓi in rubuto ne domin na san halinka, a waya ba za ka bar ni in kai aya ba.

Da farko dai akwatin ba zai yi aiki a Katsina ba. Tauraron da Sky, kamfanin talabijin na nan, ke amfani da shi Birtaniya da Ireland ya haska, ko kwandon da ya kai faɗin rumfarka ka kafa ba za ka kamo shi ba. To ko da ma zai kamo, asara za ka yi, domin ku da ke zaune a Katsina kun fi mu da ke cikin Birtaniya ganin gasar Firimiya. Na san za ka ce Yaya ya fara zolaya. Wallahi gaskiya nake gaya maka.

Wasa 380 ake bugawa a kakar Firimiya. SuperSport tana nuna muku su duka. A nan kuwa, ko mutum ya biya kowace tasha da ke akwai, abin da aka sayar wa tashoshin Birtaniya daga kakar 2025 bai wuce wasa 270 ba: Sky Sports tana da aƙalla 215, TNT Sports tana da 52. Wannan ma an ƙara ne, a da 200 ne kacal. Kuma kowace da kuɗinta na wata daban. Ga kuɗin lasisin talabijin da doka ta ɗora wa duk gidan da ke kallon shiri kai tsaye, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara. Ka lissafa wannan da naira ka ga ko ba za ka yi salati ba.

Sauran wasannin fa, ina suka shiga? Akwai wata tsohuwar ƙa'ida a nan: daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin. Ba ta Ingila kaɗai ba, ko wasan Sifaniya ne ko na Italiya, in ya faɗo cikin wannan lokaci sai dai a jira. Ta samo asali ne tun shekarun 1960. Shugaban ƙungiyar Burnley na lokacin, Bob Lord, wanda asalinsa mahauci ne, shi ya shawo kan sauran shugabannin ƙungiyoyi cewa in aka riƙa nuna manyan wasanni a talabijin ranar Asabar, mutane za su zauna a gida, ƙananan ƙungiyoyi su rasa 'yan kallo, kuɗin ƙofa ya mutu. Har yau ana bin maganarsa, kuma dokokin hukumar ƙwallon Turai sun ba kowace ƙasa damar rufe irin waɗannan sa'o'i in ta ga dama. An ɗage ta na ɗan lokaci a 2020 saboda korona, da aka hana shiga filaye, sannan aka mayar da ita. Wato wasan nan na bayan la'asar da kuke cika benci a kansa kowace Asabar, shi ne wanda mu ba ma gani.

Ka tuna ranar da Ronaldo ya dawo Manchester United, 11 ga Satumban 2021, da suka ci Newcastle 4 da 1, shi ya zura biyu? Tare muka kalla a gidan kallon unguwarmu, har wani ya karya benci don murna. To akwai wani dattijo da muke aiki tare a nan, tun yana yaro yake goyon bayan United. Da hira ta kawo mu kan wannan wasa sai ya ce shi a rediyo ya saurara, bai ga ƙwallayen da idonsa ba sai da dare, da BBC ta nuna taƙaitattun wasannin ranar a shirinta na Match of the Day. Da na ce masa ni kai tsaye na gani a Katsina, a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi a nan ba, sai ya girgiza kai kawai ya ci gaba da aikinsa.

Dalilin duk wannan shi ne yadda ake cinikin. Masu gasar ba sa sayar da wasa ga duniya a dunƙule. Yanka shi suke yi kamar watanda, kowane yanki da kasonsa da farashinsa, kuma wanda ya sayi kaso ba shi da izinin miƙa wa maƙwabci. Kason Birtaniya shi ne mafi tsada: fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga 2025, alhali a 1992 da aka fara gasar cinikin farko fam miliyan 304 ne na shekara biyar. Kason Afirka ta kudu da Sahara yana hannun SuperSport, na masu jin Faransanci yana hannun Canal+, na ƙasashen Larabawa har da Sudan yana hannun beIN ta Ƙatar. Shi ya sa Kawu a Maraɗi yake jin sharhi da Faransanci, kai kana ji da Turanci, wasa ɗaya, minti ɗaya. In ka lura ma kwandonsa yamma yake kallo, naku gabas, domin ba tauraro ɗaya kuke kamowa ba. Abin dariyar, tun Satumban 2025 Canal+ ta saye MultiChoice, uwar DStv. Mai gida ɗaya ke nan yanzu, amma har yau kai naira kake biya, Kawu sefa, kowa da katinsa.

A nan inda nake abin ya fi fitowa fili, domin a bakin iyaka nake zaune. Daga Newry zuwa Dundalk, garin farko mai girma a Jamhuriyar Ireland, tafiyar ba ta kai Katsina zuwa Jibiya ba. Babu shinge, babu kwastan, ba ka sanin ka tsallaka sai ka ga alamun hanya sun koma kilomita, farashin mai ya koma yuro. Amma a can kason daban ne. Tun 2019 wata tasha mai suna Premier Sports take da izinin nuna musu wasa ɗaya daga cikin na ƙarfe uku ranar Asabar, mu kuwa da muke ƙarƙashin Birtaniya babu. Sai ka ga abokan aikina sun cika mota sun tafi Dundalk kallo, su dawo bayan an tashi. Sun sha gayyata ta. Ba na zuwa, saboda dalili biyu. Na ɗaya a mashaya ake nunawa. Na biyu, 'yancin zirga-zirgar nan na 'yan Birtaniya da 'yan Ireland ne. Mai fasfon Najeriya bizarsa ta Birtaniya ba ta ba shi izinin taka ƙasar Ireland ba, sai ya nemi tasu daban, kuma 'yan sandan can sukan tare motocin haya su duba takardu. Ba zan saka zamana cikin haɗari saboda Arsenal ba, ko da kuwa kofi za ta ɗauka a ranar. Ka gaya wa Hajiya wannan, na san hankalinta zai kwanta.

Kada ka ɗauka Turawan ba su yi ƙoƙarin zagaye wannan shinge ba. Wata mata mai mashaya a Portsmouth, Karen Murphy, ta gaji da tsadar kuɗin da ake karɓa a wurin masu mashaya, sai ta sayo dikodar wata tashar Girka mai suna Nova tana nuna wa masu zuwa wurinta. Aka gurfanar da ita, aka ci ta tara. Ba ta haƙura ba, ta bi shari'ar shekara da shekaru har Kotun Turai, wadda ta yanke a Oktoban 2011 cewa hana mutum sayen kati daga wata ƙasar Tarayyar Turai ya saɓa wa dokar kasuwar bai ɗaya. A 2012 aka soke hukuncin da aka yi mata. Sai dai kotun ta bar wa masu gasar wata ƙofa: tambarinsu da kiɗansu da zane-zanen da ke fitowa a allo mallakarsu ne, ba a nuna su a bainar jama'a sai da izini. Da wannan suka ci gaba da kai masu mashaya kotu. Yanzu kuma Birtaniya ta fice daga Tarayyar ma gaba ɗaya.

Abin da ya maye gurbin katin Girka shi ne satar hanya ta intanet. Ba na ɓoye maka, mutane da yawa a nan suna yi, har waɗanda ke biyan Sky, domin su ga wasan Asabar ɗin nan. Amma masu sayar da hanyar ba sa shan daɗi in aka kama su. A Mayun 2023 an ɗaure wasu mutum biyar da ke gudanar da irin wannan harka, shugabansu ya samu shekara 11. Na kawo maka wannan ne domin na ji a saƙonka kana cewa wani ya yi maka tayin wata 'yar na'ura da ke kamo komai a kan kuɗi kaɗan. Kai ba kallon ɗaki za ka yi ba, kuɗin mutane za ka karɓa a ƙofa. Ranar da hoton ya tsaya cak ana shirin bugun fenariti, mai na'urar ba zai ɗauki wayarka ba, kuma kai matasan za su tasa a gaba. Ka je ofishin masu DStv ka tambayi tsarin da suke yi wa masu wuraren kasuwanci, ka biya shi, ka adana rasit.

Ka kuma sani cewa kason nan yana sauya hannu. Kana ƙarami lokacin da HiTV ta ƙwace Firimiya a Najeriya a 2007, masu gidajen kallo suka yi ta rububin sayen sabon akwati, bayan shekara uku wasan ya koma inda ya fito, kamfanin ma daga baya ya rufe. Na kusa kuwa ka san shi: farkon Janairun 2024 SuperSport ta fito ta ce ba za ta nuna gasar cin kofin Afirka ta Kwaddibuwa ba, domin izinin yana hannun New World TV, wata tasha da ke Lome a Togo. Sai ana saura kwanaki kaɗan a fara suka daidaita. Da ba su daidaita ba, da masu gidan kallo da yawa sun yi zaman makoki a watan da Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Don haka kada ka zuba duk jarinka a akwati ɗaya. Ka ajiye ko da ƙaramar eriya ce mai kamo tashoshin gida.

Ita ƙa'idar Asabar ɗin, da na zo haushinta nake ji, har yanzu ma wani lokaci ina ji, musamman da sanyi, lokacin da magariba ke yi tun wajen ƙarfe huɗu, mutum yana ɗaki ba abin yi sai bin sakamako a waya. Amma ina ganin abin da take karewa. Ranar Asabar ƙananan filaye a ƙasar nan suna samun mutane, uba da ɗa da jika, suna kallon ƙungiyar garinsu da ba wanda ya san ta a waje. Mu kuwa ƙarfe huɗun Lahadi da Katsina United ke wasa a filin Muhammadu Dikko, ita ce ƙarfe huɗun da gidajen kallo ke cika saboda Liverpool ko Chelsea. Ba ina cewa a rufe muku talabijin ba ne, ai da na kashe maka kasuwa tun ba ka buɗe ba. Amma tunda talabijin biyu gare ka, in ana nuna wasan Katsina United ko na Kano Pillars a waje, ka ba su ɗaya. Za ka samu dattawan da ba su damu da Ingila ba, kuma su ba sa karya benci.

Kuɗin da na ware na dikodar zan turo maka su ranar da aka biya mu albashi, in Allah ya yarda. Shawarata ka sa su a sola da batir mai kyau, domin abin da zai raba ka da masu kallo ɗaukewar wuta ne da tsadar man janareta. Ka sa mai haɗa sola ya zo ya auna abin da talabijin biyu da fanka huɗu da dikoda za su ja, ya rubuta maka farashi a takarda, ka ɗauki hotonta ka turo min kafin ka ba kowa ko sisi. Ka kuma yi shawara da Baba kan lokutan salla tun yanzu: a kashe sauti in an kira, a ajiye buta da tabarma a gefe. In ba haka ba maƙwabta za su kai ƙararka wurin mai unguwa tun kafin kaka ta yi nisa, kuma Baba ba zai goyi bayanka ba, ni ma haka.

Ka ce wa Hajiya yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa, in mai kawo maganin zai komo ta haɗo min da kuka da daddawa, a ɗaure su sosai saboda masu bincike a filin jirgi. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Yayanka