Wasiƙa zuwa ga Bashir: ina son komawa ruwa

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Hanif da yara, da duk 'yan gida da ke tare da ku a Alƙahira. Mu nan sai godiya. Hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da safe ko hasumiyar Gobarau ba a hangowa saboda hazo, bayan nawa kuma shi ke fara sanar da ni an yi sanyi tun kafin kiran assalatu.

Yau wata 11 da yi mini aiki a ƙashin baya. Makon jiya na koma Kano aka sake ɗaukar hoto, likita ya ce ƙasusuwan biyu na ƙasan baya da aka haɗa, waɗanda ake kira L4 da L5, sun kama juna. Ƙusoshin titaniyom huɗu da sandunan biyu suna nan daram inda aka sa su. Alhamdu lillahi. Ranar da na fara yin sujada da goshina a ƙasa, bayan wata da watanni ina salla a kan kujera, sai da na jiƙe darduma da hawaye. Ban gaya wa kowa ba sai kai yanzu.

Maganar da ta sa na zauna rubutu ita ce ina son komawa nutso. Na san za ka ce in bari a shekara biyu, shi ya sa na ƙi faɗa maka ta waya, don ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke.

Da farko ƙarfen nake tsoro. Na ɗauka matsin ruwa zai taɓa shi, tunda kowace mita 10 da mutum ya nutsa a teku ana ƙara masa matsi kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wani likitan masu nutso da na yi magana da shi ta bidiyo ya kwantar mini da hankali: matsi wurin da iska take yake dama, irin kunne da huhu, ƙarfe kuwa babu iska a cikinsa. Abin da ya dame shi daban ne, kuma tun ranar ya tsaya mini a rai.

Ka tuna ciwon da aka yi ta ja mana kunne a kansa a Dahab, garin masu nutso na bakin Bahar Maliya a Masar, wanda naitirojin da ya narke a jiki ke zama kumfa idan mutum ya taso da sauri? Idan kumfar ta taɓa laka, alamominta su ne ciwon baya, ƙafa ta mutu ko ta yi nauyi, a ji kamar kiyashi na bin fata, wani lokaci fitsari ya ƙi fita. To Bashir, babban yatsan ƙafata ta hagu da gefen ƙwaurina har yau ba su dawo daidai ba, in na taɓa kamar ta bayan safa nake taɓawa. An ce jiki magayi, amma nawa yanzu in ya yi magana bayan na fito daga ruwa, ta yaya zan gane ko tsohon tabo ne ko sabuwar kumfa? In na ce tsohon ne alhali sabuwa ce, na ɓata sa'o'in da ya kamata a ce ina cikin ɗakin matsin iska ana ba ni oksijin. Don haka likitan ya ce in sa a gwada jijiyoyina a rubuta komai dalla-dalla, inda nake ji da inda ba na ji da ƙarfin kowace ƙafa, in riƙa tafiya da takardar. Na yi, tana cikin jakar fasfo ɗina.

Na biyu shi ne nauyi. A cikin ruwa mutum ba ya jin komai, wahalar a tudu take. Tukunyar iska ta alminiyom mai lita 11 kaɗai ta doshi kilo 15, ga dalmar da ke taimaka wa mutum nutsewa, ga riga, ga sauran kaya, jimla ta haura kilo 20. Ka tuna yadda muke saɓa su a baya mu taka duwatsun bakin ruwa a Dahab, ko mu hau tsanin jirgi igiyar ruwa na jijjiga shi. Wannan kam na bar shi har abada. A cikin ruwa zan riƙa sa kayan, a ciki zan cire, dalmar kuma a aljihun riga maimakon ɗamarar da ke zama daidai kan wurin aikin.

Ban zauna haka kawai ba. Mai gashin ƙashi ya sa ni motsa jikin ƙarfafa ciki da ƙugu, kullum bayan asuba ina taka kilomita 5, sau biyu a mako kuma ina iyo a kududdufin wani otal. Wani ya ce in je dam ɗin Ajiwa in gwada, na ƙi. Ruwan da ba ka ganin tafin hannunka, babu abokin nutso, babu kayan ceto, ba wurin gwaji ba ne.

Inna ba ta so. Ta ce Allah Ya tashe ni daga kwance, me zan je nema a ƙarƙashin teku? Ban yi mata gardama ba, don ita ta yi jinyata, ita ta riƙa juya ni a gado. Na nuna mata hoton kunkurun nan da muka ɗauka a Ras Muhammad, can Bahar Maliya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in da Bashir ne a gefenka, na yarda. Ka ga ashe maganar ta dawo hannunka. In ka ƙi, ba zan je ba, don ba zan shiga ruwa ba da yawunta ba.

Ga abin da nake roƙo. Bayan ƙaramar salla, in Allah Ya kai mu, in zo mu yi kwana biyar. Rana ta farko a wuri marar zurfi, kada mu wuce mita 6. Sauran kwanakin iyakarmu mita 18, nutso ɗaya a rana, mu taso a hankali, mu tsaya minti 3 a mita 5 ko da kwamfutar hannu ba ta nema ba. Jirgin Thistlegorm da baburansa, da ke kwance wajen mita 30 a ƙarƙashin ruwa tun da ya nutse a 1941, ya jira wata shekarar, duk da shi na fi mafarki. Ƙa'idar hawa jirgin sama bayan nutson kwanaki a jere sa'a 18 ce aƙalla, ni zan ba da 24.

Mafi nauyin roƙon shi ne wannan: duk fitowa, ka sa ni in taka a gabanka, ka taɓa ƙafafuna ka gwada da abin da ke takardar. Ka san halina, zan iya cewa lafiya lau don kada in ɓata mana tafiya. Kada ka karɓi maganata. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka kira likita ko ina so ko ba na so.

Ka bincika mini shagon da ke da ƙananan tukwane da kuma jirgi mai sauƙin hawa, ka gaya mini kuɗin. Inna ta ce a gaishe ka, ta kuma ajiye maka kilishi da ƙuli-ƙuli. Ina jiran amsarka.

Naka,
Sanusi