Ba Hausa Ce Ta Kayar Da 'Ya'yanmu A Jarrabawa Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato da wane harshe ya kamata a koyar da yara a makarantun firamare na gwamnati.

A ƙarshen 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa tun daga aji ɗaya har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma sai ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci tun daga tushe. Hujjar da aka kawo ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi harshen uwa. Ko ba a kama suna ba, mu nan Arewa mun san da wa ake.

To, a yi lissafi mana. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan an amince da tsarin 2022, ko firamare bai gama ba lokacin da aka soke shi. WAEC kuwa sai bayan shekara 12 a makaranta ake zama. Waɗanda suka faɗi a 'yan shekarun nan sun wuce firamare tun kafin a haifi tsarin. Ta yaya za a ɗora masa laifin faɗuwarsu?

Na yi aikin koyarwa a firamare a cikin birnin nan na Kano har na yi ritaya, saboda haka bari in faɗi abin da ke faruwa a aji. Malami zai rubuta darasi da Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, domin ya san in bai yi haka ba da bango yake magana. Yara su kwafe abin da ke allo baƙi bayan baƙi, su rera shi da ƙarfi har a jiyo su a bakin titi. Ka ɗauki littafin yarinya 'yar aji huɗu, rubutu tsaf kamar na ɗab'i. Ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ka ce ta karanta, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi. Ka rubuta mata "ɗan tsako" da Hausarta, nan ma shiru. Wannan yarinya ba da Hausa aka koyar da ita ba, ba kuma da Turanci ba. An dai bar ta a tsakiya. Littafin lissafi ko na kimiyya da aka rubuta da Hausa domin 'yan aji biyar, ban taɓa riƙe shi a hannuna a matsayin littafin aji ba. Su kansu malaman, da yawa ba a horar da su kan ƙa'idojin rubutun Hausa ba, balle dabarun koyar da karatu da ita. Tsarin da bai sauko daga takarda ba ne aka yanke wa hukunci.

Ba na raina masu son Turanci, domin maganarsu tana da tushe. Uban da ke tura ruwa a kura ko yake dako a Kwari ya ga cewa duk wanda ya samu aikin ofis da Turanci ya samu. Ya ga masu hali, har da wasu daga cikin masu yi mana wa'azin harshen uwa, sun kwashe nasu 'ya'yan sun kai makarantun kuɗi inda ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa. Dole ya yi zargin cewa ana so a tsare nasa ɗan a baya. Wannan zargi ba za a kawar da shi da surutu ba. Akwai kuma unguwanni irin su Sabon Gari inda aji ɗaya yake haɗa yara masu harsuna daban-daban, kuma tilas a yi musu adalci.

Amma wa ya ce a daina koyar da Turanci? Abin da muke cewa shi ne yaro ya fara gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da ma'ana a harshen da yake mafarki da shi, ana koya masa Turanci a matsayin darasi tun daga aji ɗaya, a hannun malamin da ya iya. Wanda ya iya karatu sau ɗaya ya iya ke nan, sauya harshe kawai zai yi. An gwada wannan a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A nan kusa ma an yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, duk domin koyar da karatun farko da Hausa. Kayan aikin suna nan, ba sai an faro daga sifili ba. Ko makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa (Hanns Vischer) ya buɗe a unguwar Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara karatu a cikinta. Kuma duk yamma muna ganin yaran nan da ake cewa ba su da ƙwaƙwalwa suna tafiya Islamiyya, ana yi musu bayani da Hausa, suna karanta Larabci.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan gardama ta ba mu hanyar kauce wa maganar da ta fi ɗaci. Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin shekara tara kyauta ne kuma dole. Kano ta ƙaddamar da nata ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. An gyara azuzuwa, an raba kayan makaranta, ba mai musun wannan. Sai dai har yanzu akwai ajin da malami ba ya iya ratsawa zuwa baya saboda yara sun cika shi maƙil a ƙasa. A irin wannan aji, ko da harshen mala'iku za ka koyar, na layin gaba kaɗai za su ji.

Ilimin firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi yake, ba sai mun jira Abuja ta sake sauya ra'ayi ba. Ina kira ga ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) su tsayar da cewa a aji ɗaya zuwa uku da Hausa za a koyi karatu da lissafi a inda ita ce harshen unguwa, a buga littattafai isassu har kowane yaro ya tafi da nasa gida maimakon a kulle su a kabad ɗin hedimasta. Masana harshe na Jami'ar Bayero da masu horar da malamai a Sa'adatu Rimi suna nan cikin gari, a sa su aiki. A ƙarshen aji uku kuma a zaunar da kowane yaro, a miƙa masa gajeren labari da Hausa da wani da Turanci ya karanta a bayyane, a kafe sakamakon kowace makaranta a ƙofarta inda iyaye za su gani.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Birnin Kano.