Zuwa Ga Abokina a Texas: Kafin Ka Yanke Shawara, Ka Tuna da Will Hurd

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan sai godiya.

Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Inda na fi tsayawa shi ne wurin da ka ce tunda ka samu takardar zama ɗan ƙasa, hankalinka ya fi kwanciya da jam'iyyar Republican, don su ne masu maganar addini da tarbiyya, ga shi kuma baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka sai shiga suke yi. Ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba. Amma akwai wani ɗan jiharku da nake so ka sa a ma'auni, wato Will Hurd.

Tsohon jami'in leƙen asiri ne na CIA, ya yi aiki a Indiya da Pakistan da Afganistan. A 2014 ya ci kujerar Majalisar Wakilai a mazaɓa ta 23 ta Texas, wadda ta taso daga gefen San Antonio har kusa da El Paso, ta kwashe kusan mil 800 na kan iyakar Amurka da Meziko. Yawancin mutanen wurin 'yan asalin Latin Amurka ne, kuma kujerar ba ta kowa ba ce: a 2018 da ƙuri'a 926 kacal ya tsira. Mai irin wannan mazaɓa dole ya iya magana da wanda bai zaɓe shi ba, shi kuwa ya iya. A watan Maris na 2017 dusar ƙanƙara ta hana jirage tashi, sai shi da Beto O'Rourke na jam'iyyar Democrat suka ɗauki hayar mota ɗaya daga San Antonio zuwa Washington, suka jingina waya a gaban motar, jama'a na kallonsu kai tsaye a Facebook suna gardama, suna tsayawa sayen abinci a bakin hanya, suna amsa tambayoyi.

Kada ka ɗauka ɗan tawaye ne. A mafi yawan ƙuri'u yana tare da jam'iyyarsa, ko a yunƙurin tsige Trump na Disamban 2019 bai goyi baya ba. Abin da ya ƙi kaɗan ne. Ya ƙi batun gina katanga a kan iyakar Meziko daga wannan teku zuwa wancan, domin ya san ƙasar da ƙafarsa. Sannan a Yulin 2019, da Trump ya ce wa 'yan majalisa mata huɗu, har da Ilhan Omar, su koma inda suka fito, Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar yin Allah wadai. 'Yan Republican huɗu ne kawai suka goyi baya, Hurd na cikinsu. Ranar 1 ga Agustan shekarar ya ce ba zai sake neman kujerar ba, zai koma aiki kan fasaha da tsaron ƙasa. A lokacin shi kaɗai ne baƙar fata ɗan Republican a majalisar, tunda Mia Love ta faɗi a Utah a 2018.

Masu sharhi da dama suka ce shi ke nan, jam'iyyar ta zama ta fararen fata zalla, kuma za ta ɗanɗana kuɗarta a rumfar zaɓe. A nan gaskiyarka ta fito, don ba haka aka yi ba. Baƙaƙen fata 'yan Republican, Byron Donalds da Burgess Owens, sun shiga majalisa bayan zaɓen 2020, Wesley Hunt da John James suka biyo bayan na 2022. A 2024 gundumar Starr da ke kan iyaka, wadda kusan kowa a cikinta ɗan asalin Latin Amurka ne, ta zaɓi Trump bayan ta shafe fiye da shekara 120 ba ta ba ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican nasara ba.

To, me tafiyar Hurd ta nuna? A ganina, launin fatarka ba zai hana ka kujera a jam'iyyar ba. Abin da zai hana ka shi ne ka ce wa jagora a'a. Dubi wanda ya gaje shi, Tony Gonzales, shi ma ɗan Republican. A wannan mazaɓa garin Uvalde yake, inda aka harbe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare a Mayun 2022. Ya goyi bayan dokar da ta ɗan tsaurara sayen bindiga, a 2023 jam'iyyarsa ta Texas ta tsawata masa a hukumance, wannan ƙuri'a na cikin laifuffukan da ta lissafa. A 2024 da ƙyar ya sha a zagaye na biyu na zaɓen fid da gwani, ratar ba ta kai 500 ba. Cikin 'yan Republican 10 da suka amince a tsige Trump a Janairun 2021, biyu ne kawai suka dawo majalisa bayan zaɓen 2022. Shi kansa Hurd da ya fito neman shugabancin ƙasa a 2023, ya tsaya gaban 'yan jam'iyyarsa a wata liyafa a Iowa ya ce Trump na takara ne don ya kauce wa gidan yari, zauren ya ɗauka da ihu, haka ya sauka daga dandamali. A watan Oktoba ya janye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An shata yawancin mazaɓu yadda tun kafin zaɓe an san jam'iyyar da za ta ci, don haka ɗan majalisa ba ya tsoron abokin hamayya, tsoron zaɓen fid da gwani yake yi, inda mutane ƙalilan ke fitowa, kuma masu zafin ra'ayi ne suka fi fitowa.

Abin ya dame ni ne saboda ya taɓa mu. Ka tuna Janairun 2020, lokacin da aka saka Nijeriya cikin ƙasashen da aka hana wa bizar zama ta dindindin, iyalai suka tsaya cak, miji a can mata a nan? A irin wannan rana kana buƙatar wani a cikin gida da zai tashi ya ce wannan ba daidai ba ne, kuma ya kwana da kujerarsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Kai Musulmi ne, baƙo, baƙar fata, yaranka kuma a can za su girma.

Ba cewa nake ka ruga wurin 'yan Democrat ba, na san abubuwan da ke damunka game da su. Roƙona shi ne kada ka jira babban zaɓe na Nuwamba. A watan Maris ake fid da gwani a Texas. Ka je taron 'yan takara, ka tambayi kowannensu wuri ɗaya da ya taɓa saɓa wa jagoran jam'iyyarsa, sai ka rubuto mini amsar da suka ba ka.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Abokinka na ƙuruciya