Kayan ɗaki sun cinye ɗakin, yaro ya rasa wurin wasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ara min ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana mata, musamman masu goyo da waɗanda suka yi yaye kwanan nan, da kuma iyayenmu masu shirin aurar da 'ya'ya. Ni dai matar aure ce a gidan haya ciki da falo a nan Kano, da yarona ɗaya da ya shiga shekara ta uku, ɗan fari ne don haka kar ka jira in faɗi sunansa.

Abin da ya sa na ɗau waya na fara wannan rubutu, wata rana ce ina tsakar gida ina wanke-wanke sai na ji taratsatsa daga falo, na yar da soso na ruga a guje, ashe yaron nan ne ya jawo durowar ƙasan shogilas ya taka ya hau wai zai ɗauko wani kofi mai fulawa da ya daɗe yana sa wa ido. Set guda na tangaran ya zubo ƙasa. Allah ya taƙaita, ɗan yanka ne kawai a tafin ƙafa, amma da shogilas ɗin ne gaba ɗaya ya rinjayo kansa fa? Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Da na wanke masa ciwon na goya shi ya yi barci, na zauna a bakin kujera ina bin falon da kallo, nace wai ni kofunan nan da suka kusa jawo min abin kuka sau nawa na taɓa shan shayi da su tun da aka kawo ni gidan nan? Wallahi ko sau ɗaya. Shekara huɗu aikina kawai in goge musu ƙurar hunturu in mayar.

Washegari na fito da komai tsakar gida na baje a tabarma. Malam Edita na ji kunyar kaina. Kuloli tara, alhali biyu nake zuba abinci a ciki. Tukwane set uku, ɗaya ko ledarsa ba a ɓare ba. Zannuwan gado da labulaye a cikin gana-mas-go a ƙarƙashin gado har sun fara warin rima, atamfofin lefe da ban ɗinka ba wasu ninkin ya ci su, ga kwalaye na bilenda da tosta da wani injin matse lemo da ban san yadda ake kunna shi ba, da ma wace wutar za a kunna shi da ita. A bayan akwatunan kuma kashin ɓera da ƙwan kyankyaso, ga shi kullum a rediyo ana gargaɗi cewa ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, kuma duk mai ɗaki ta san inda tarkace ya taru nan sauro ke yini ya fito da magariba. A cikin wannan cunkoso ne nake ta daka wa yaro tsawa, kar ka taɓa, sauka, fita daga nan, bari. To ina zai je? Falon kujeru sun cinye, uwar ɗakin gado da wadrof da madubi sun cinye, abin da ya rage masa bai fi faɗin dadduma biyu ba, yaron da Allah ya halitta da gudu da tsalle.

Ni ba na zagin al'adar kayan ɗaki, kar a fahimce ni a baibai. Kakata ta wajen uwa tana da jere, tasoshi da langa da fanteka da samira an kife su a jikin bango har kusa da rufi, kuma ba don ado kaɗai ba ne. Wannan jeren shi ne bankinta. Ranar da lalura ta taso, rashin lafiya ko bikin 'ya ko an shiga watan bakwai hatsi ya ƙare a rumbu, sai ta sauke guda biyu ta ba dillaliya a kai kasuwa, kuɗi ya dawo hannunta ba ta roƙi kowa ba. Tasar tagulla ko ta shekara talatin in an goge ta da toka da tsamiya tas take komawa, har yanzu in ka shiga Kurmi za ka ga masu neman irinta. Hikima ce babba iyayenmu suka yi.

Amma namu na yanzu fa? Gadon da wadrof ɗin katakon MDF ne, garin katako da aka matse da gam, ruwa na taɓa ƙafarsa sau ɗaya ya kumbura kamar burodi, in aka tashi daga gida zuwa wani gidan aka kwance aka sake ɗaurawa shikenan ya fara rawa. Kujerun ledar su fara ɓarewa tun ba a yaye ɗan fari ba. Ga yayi, bana a ce ɗan Turkiyya gaba a ce ɗan Dubai, wanda aka saya bara ya zama tsohon yayi. Da na kira dillaliya ta ga shogilas ɗina kuɗin da ta taya sai da na yi dariya don takaici, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da Baba ya biya ba, shi kuwa Baba na san sai da ya sayar da fili ya kuma ci bashi kafin a haɗa min ɗakin nan. Bankin da in ka ajiye dubu ɗari ka dawo ka tarar da talatin ai ba banki ba ne. Mun riƙe jeren mun saki dalilin da ya sa ake jeren.

Na sayar duk da haka. Shogilas ya tafi, kujera mai zaman mutum uku ta tafi, kuloli shida, tukwane set biyu, da injinan nan na cikin kwali. Ƙarafuna da fasassun robobi na ba 'yan gwangwan suka auna suka ba ni abin da ya samu. Atamfa kuwa ita ce ta fitar da ni kunya, don ita ba ta faɗuwa, wadda aka sa min a lefe shekara huɗu da suka wuce yanzu in ka je Kantin Kwari kuɗinta ya ninka, na ba da turmi huɗu na riƙe biyu. Abin da na haɗa na sayi keken ɗinki na hannu na biyu da 'yar tunkiya da na kai ƙauye wajen Gwaggo, sauran na zuba adashe.

Ba sayarwar ce ta fi wuya ba, bakin mutane ne. Umma ta zo ta ga falo fayau ta tsaya a bakin ƙofa tace, ke lafiya, ko mijin naki ne ya karye? Nace Umma lafiya ƙalau, wuri na nema wa jikanki. Tace kayan da ubanki ya sha wahala a kansu ki kwashe ki ba dillaliya, me kike so dangin miji su ce, a ce an kawo ki da tabarma? Ta yi kusan sati biyu in na kira a waya daga gaisuwa sai ta ajiye. Kuma ina ganin laifina ne ta wani ɓangaren, da na fara zuwa na durƙusa na shawarce ta kafin in kira dillaliya, don kayan ɗaki ko da sunanki aka saya zuciyar uwa na cikinsu. Duk wadda za ta yi irin nawa don Allah ta fara ta nan. Shi ko maigidan bai ce komai ba da yake kayan ba nasa ba ne, sai dai na lura tun ranar ya koma shimfiɗa tabarma a falo suna kokawa da yaron bayan isha'i.

Sai batun kashe kuɗi a kan yaro, wanda nan ne yawancinmu muke zubar da abin da ba mu da shi. Kowa ya san inda aka shiga tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu yace tallafin mai ya tafi, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, komai ya bi ta, daga kuɗin adaidaita har jarkar mai garuwa. Mafi ƙarancin albashi an mayar da shi 70,000 a Yulin 2024, to a lissafa, gwangwanin abincin yara na kanti nawa ne a ciki, famfas nawa ne a ciki? Amma sai ka ga mace ta ƙi cin ƙwai ita da take shayarwa don ta sayi Cerelac saboda maƙociya na saya.

A wajen awo da rigakafi ma'aikatan lafiya suka koya mana haɗin garin kunu, wanda wasu ke ce wa tom burawun, kuma shi ya riƙe min yarona tun ya cika wata shida har bayan yaye. Gero ko dawa ko masara, waken suya, gyaɗa, in da hali ɗan busasshen kifi da dabino don zaƙi. Waken suyar sai an soya shi sosai an ɓarza an fece dusar, in ba haka ba zai yi ƙarni ya ɓata wa yaro ciki. Gyaɗar ki zauna ki tsince, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki zubar kar ki ji asara, guba ce. A soya kowanne daban, a haɗa a kai inji, a tankaɗe a zuba a bokiti mai murfi. Mu huɗu a gidanmu muke haɗa kuɗi a sayo mana a Dawanau da kwano maimakon gwangwani-gwangwani a shagon unguwa, in an kawo mu raba. Yanzu da ya girma abin da muka ci shi yake ci, faten wake, alala, dankalin Hausa, miyar zogale, ƙwai in ya samu, sai dai in rage masa yaji.

Famfas kuma da daddare ne kawai ko in za mu unguwa, da rana nafkin da wando, kuma tun ya iya zama sosai na fara ɗora shi a fo da safe. Ba zan yi ƙarya ba nafkin ba kyauta ba ne, yana cin ruwa da omo da bayan mutum, wadda take sayen ruwa jarka-jarka ta yi lissafinta da kyau kafin ta bi maganata. Amma ko ba komai kwatar layinmu ta huta da nawa, don in damina ta zo aka fito yasar kwata rabin abin da ake tsamowa famfas ne da ledar fiya wata.

Kayan sawa su ne abin haushi. Ranar suna aka tara min kayan barka akwati biyu, kusan duk na ɗan wata uku, kafin ya sa rabi ya fi ƙarfinsu, wasu da kwalinsu na bayar. Takalma biyar aka kawo wa jaririn da ko zama bai iya ba. 'Yan uwa in za ku je barka ku riƙa sayen na ɗan shekara ɗaya ko biyu, ko sabulu, ko ku damƙa wa mai jego kuɗin a hannu ta san inda ke mata ƙaiƙayi. Kuma wai me ya sa muke jin kunyar kwance? Mu da muka tashi ana cire wa yaya a sa wa ƙane. Yanzu ni da yayata da matar ƙanin maigidan jaka ɗaya ce ke zagayawa tsakaninmu, wanda ya yi wa nata kaɗan ta wanke ta goge ta miƙo. Rigar sanyi kuwa Ƙofar Wambai na je na zaɓo gwanjo mai kauri, ta fi sabuwar da ke zarewa a wanki biyu. Anko ma na rage, sai na ɗan uwa na jini, kuma ban ƙara yi wa yaro anko ba, mutumin da zai ɓata shi da zoɓo kafin a ɗaura aure.

Kayan wasa ban san sau nawa aka sayo masa mota mai batir ba, kwana biyu ya ɓalle tayar ya koma kan murfin tukunya da ludayi da kwalin taliya da yake shiga ciki yace jirgi ne. Ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli ma tsoronsu nake kar ya haɗiye. Da na rage tarkace sai na samu saman wadrof ya zama fili, nan na mayar da magunguna da fiya-fiya da kalanzir, kuma na daina zuba kalanzir a gorar lemo, don yaro in ya ga gorar lemo sha zai yi, bokitin ruwa ma ba na barinsa a buɗe.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilinka ya zauna da dillalai da masu sayar da kayan ɗaki na hannu na biyu, a tambaye su nawa ake sayen gado da kujeru sabbi, nawa suke karɓarsu bayan shekara biyu, a buga a jarida iyaye maza su gani da idonsu kafin su sayar da gona. Ƙanwata za a aurar bayan babbar sallah, na ce wa Umma a yi mata gado da katifa mai kyau da kujeru daidai ɗakin, ragowar a saya mata ɗan kunnen zinare ko abin sana'a. Umma ta harare ni tace ke dai kin lalace, amma shekaranjiya da ta zo ta tarar da jikanta yana tura kwalinsa daga wannan bango zuwa wancan, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, can sai naji tana tambayata wai nawa giram ɗin zinare yake yanzu.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Daga wata mai karanta jaridarku,
Kano.