Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Unguwa kan cikon layi da sharar kamfani

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. A taron ƙofar gidanka ka tambaye ni gaban jama'a: tunda ƙasashen waje suna gina titi da sharar masana'antu, me zai hana mu karɓi tifofin da ake mana tayi kyauta, mu cike layinmu kafin damina? Amsata ita ce kada mu karɓa sai mun san abin da ke ciki.

Gaskiya ne a Turai da Amurka ana zuba kashin ƙarfe, wato dattin da ke saura in an narka ƙarfe, da tokar kwal a ƙarƙashin titi. Amma sai an jiƙa samfur a ɗakin gwaji an auna abin da ya tsattsafo, sannan a daddanne, a rufe da kwalta. Mu kuwa layinmu ba kwalta. Ruwan Agusta zai kwanta a kai, ya ratsa ƙasa, ya tarar da rijiyoyinmu. Wasu ma a bakin hanya suke, kuma nan 'yan garuwa ke ɗiba su kai gidaje.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne dagwalon majemun Sharaɗa, Chalawa da Bompai, unguwannin masana'antu na Kano. Da sinadarin kuromiyom ake jimar fata, kuma dagwalon in ya bushe sai ka rantse ƙasa ce. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rafin Getsi ya ga launin ruwan da ke bin Jakara zuwa madatsar Wasai, ya san abin da nake nufi. Ga kuma ragowar narkakkun batura mai dalma. Dalma ba ta ruɓewa, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, kuma ƙwaƙwalwar yara take lalatawa. Ɗaruruwan yara ta kashe a Zamfara a 2010.

Baƙin man da wasu ke watsawa don kwantar da ƙura, shi ma a daina. Garin Times Beach na Amurka, baƙin mai mai guba aka watsa a hanyoyinsa, a 1983 gwamnati ta saye garin aka tashi kowa.

Burji da ɓaraguzan gini masu tsabta sun ishe mu, ko da karo-karo za mu yi. In wani ya nace da kyautarsa, ya faɗi inda ya ɗebo, ya kawo takardar gwaji, mu nuna wa Ma'aikatar Muhalli ko NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. In ya ƙi, don Allah, ranka ya daɗe, ka sa ya juya da tifarsa.

Naka,
Ɗan unguwa